Sunan da Zulai Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Yayata Zulai ta yi shekara ashirin da ɗoriya ba ta taɓa kiran sunan 'yarta ta fari ba, kuma babu wanda ya ga laifinta a Furfuri, yabonta ma ake yi. Da ciwo ya zo ya fara kwashe mata abubuwa daga cikin kai, wannan sunan ya fara ɗauka a cikin na 'ya'yanta. Babu wanda ya lura, don ta yaya za a gane mutum ya manta abin da dama ba ya faɗa? Ni Wasila, ƙanwarta, ni na fara sani, kuma har yau in na tuna tsawon lokacin da ta yi tana ɓoye mini sai raina ya ɓaci.

Ni tela ce a Tudun Wada ta Gusau. Ita kuwa a Furfuri ta yi aure, can ƙasar Bunguɗu, gidan Malam Attahiru, manomin gero da gyaɗa, mutumin da sai ka yi da gaske kafin ka ji maganarsa. Sana'arta matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli, kuma ban taɓa ganin mace marar zama irinta ba. Ko baƙunci ta zo mini, kafin in kawo mata ruwa ta ɗauki tsintsiya. Amma ba ƙulin ya sa aka san ta ba, kai gare ta. In za a haɗa aure a unguwarsu, sai an aiko an tambaye ta ko yaron da yarinyar sun taɓa shan nono ɗaya, domin ita ce ke riƙe da wa ta shayar da ɗan wa, a wace damina, saboda wace lalura. Aure ya sha fasuwa a kan maganarta, kuma ba a taɓa kama ta da kuskure ba. Ni da nake manta inda na ajiye almakashi ina riƙe da shi, haushinta nake ji.

Da ta haifi 'yar fari, Malam Attahiru ya sa mata sunan mahaifiyarsa, Juwairiyya. Shi ke nan aka rufe wa Zulai baki ta hanya biyu: ga kunyar 'yar fari, ga kunyar sunan suruka. Shi ma mijin ba zai faɗi sunan uwarsa ba, 'yan'uwansa ma haka, sai gidan duka ya koma kiran jaririyar Uwani. Ana yaye ta Goggo Rabi, yayar Malam Attahiru, ta zo ta goya ta ta tafi da ita Tsafe, kamar yadda aka saba. Can ta tashi, can ta yi makaranta, can aka aurar da ita ga wani mai sayar da hatsi. Goggo Rabi take ce wa Inna. Uwar da ta haife ta kuwa Yaya take ce mata, yadda ta ji muna faɗa.

Ko Uwanin ma Zulai ba ta cika faɗa ba, sai dai ta ce yarinyar nan ta Tsafe. In yarinyar ta zo ganin gida, Zulai takan amsa gaisuwarta idonta na kan kasko. Amma ni na san ƙulin da ya fi soyuwa Tsafe yake zuwa, da man farko da bai ji wuta sosai ba. Na sha yi mata tsiya a kan haka, don ni ɗana na fari da cikakken baki nake kwaɗa masa kira har maƙwabta su ji. Sau ɗaya tak ta taɓa ba ni amsa. Ta ce ita ma tana kiranta, ni ce ba na ji. A kowace sujada takan jera wa Allah 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, kuma da wannan take farawa, da sunanta na yanka, a cikin zuciya, ba tare da leɓe ya motsa ba.

Ciwon da hannu ya fara. Yatsunta suka riƙa kumbura da safe har ba ta iya murza tunkuza. Sai zazzaɓi mai tafiya ya dawo, sai gajiyar da barci ba ya maganinta, sai gashi ya fara bin mataji. Wani ja ya fito mata a kumatu biyu ya haye karan hanci, in ta shiga rana ya ƙara tashi. An ce sanyi ne, an ce shawara ce, an ce iska ce, wata ma ta rantse hannu aka sa mata saboda auren da ta hana. Ta sha jiƙo da rubutu har ta gaji. Da na ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, na je da kaina na yi wa Malam Attahiru rashin kunya, na ɗauko ta na kawo ta asibiti a Gusau. Bayan gwaje-gwajen jini da zirga-zirga, wata likita ta ce mana sunan ciwon lupus. Ta ce garkuwar jikin mutum ce ke ruɗewa ta juyo tana yaƙar jikin da take karewa, ba ya warkewa ɗungurungum amma ana lallaɓa shi da magani, kuma ta guji rana. Matar da ke shanya gyaɗa a tsakar gida aka ce wa ta guji rana.

Magani ya sassauta mata gaɓoɓi, ya kumbura mata fuska. Muka ce an samu sauƙi. Ashe wani abu ya shigo ta bayan gida. Ta fara zuba gishiri sau biyu a miya, ko ta ƙi zubawa sam. Takan shiga ɗaki ta tsaya tana kallon bango, ta rasa abin da ya kawo ta. Ta bar ƙuli a kasko ya ƙone ƙurmus, abin da ko tana amarya ba ta yi ba. Tana cikin magana kalma za ta ɓace mata, ta yi ta juya hannu tana nemanta. Ranar da aka aiko tambayar shayarwa ta laluba kanta ta rasa, sannan ta ce a je a tambayi wata, daga ranar ba a sake aikowa ba. Ita ma daga ranar ta daina fita. Ba biki, ba suna, ba gaisuwar mutuwa. Sai kwanciya fuska ga bango, da kuka ba dalili, abinci sai an yi da gaske. Hussaina, autarta, ta gaya mini har cewa take yi ita yanzu kaya ce kawai a gidan. In na kira ta a waya sai ta ce lafiya lau. Ni kuma da wautata na ɗauka ragwanci ne ya kama ta a tsufa, har faɗa na yi mata na ce ta tashi ta kama sana'arta.

Daga baya kuma sai kwanciyar ta juye ta zama rashin zama. Malam Attahiru ya yi mini waya, abin da bai saba ba, ya ce yayata ta fara wasu abubuwa. Matar da ta ƙi fita, yanzu duk gidan da aka haifi mace sai ta je suna, ko ba a gayyace ta ba. Ta tsaya bakin zaure har a faɗi sunan jaririya, sai ta juyo ba ta ko shiga barka ba. An gan ta tana tsaye jikin katangar Islamiyya lokacin da malam ke kiran sunayen 'yan mata. Tana yawan jan sa da hirar marigayiya mahaifiyarsa, shi kuwa sai dai ya ce Inna, Allah ya jiƙanta. Ya ce tsoronsa kada a ce taɓuwa ce.

Ban kai ga shirya zuwa ba sai ga ta. Wata Talata da tsakar rana, ba ranar asibiti ba, na ɗago kai daga keke na gan ta tsaye a ƙofar shagona, ba lema, fuskar nan ta yi jawur. Na hau ta da faɗa tun kafin ta yi sallama. Ta shigo abinta. Na ba ta kujera ta zauna ta tashi, ta taɓa yaduka, ta leƙa waje, ta dawo, ta ɗauki ruwa ta ajiye ba ta sha ba. Sai da masu jiran ɗinki suka watse sannan ta tura ƙofa, ta tsaya ta ba ni baya.

"Wasila, mi as sunan yarinyar nan ta Tsahe?"

"Uwani mana," na ce, ina zare allura.

"Ba shi ba. Na yanka."

Na ajiye abin da ke hannuna. A nan ta gaya mini komai, tana magana tana kallon ƙofa. Ta ce wata sallar la'asar ce, tun gero bai fitar da kai ba. Ta kai goshinta ƙasa za ta fara jero 'ya'yanta, ta tarar da wurin farko babu kowa. Fuskar tana nan, har tabon da ke haɓarta, amma sunan babu. Ta daɗe a sujadar har Hussaina ta taɓa ta ta ga ko lafiya. Wani lokaci yakan dawo mata tana wanke-wanke, ta yi murna, kafin wata sallar ya gudu. Yanzu kuwa ya daɗe bai dawo ba. Ba ta iya tambayar miji sunan uwarsa, ba ta iya tambayar 'ya'yanta sunan yayarsu. Shi ya sa take bin gidajen suna da katangar makaranta, ko Allah zai sa wani ya faɗe shi ta tsinta. Ta ce mantuwar gishiri ba ta dame ta ba, mantuwar shayarwa ma ta haƙura. Amma uwar da ta rasa sunan 'yarta a gaban Ubangiji, me ya rage mata?

Tausayi ya kama ni, haushi ya fi shi. Na ce mata Juwairiyya, na sake faɗa. Ta rufe ido ta sulale ta zauna a kan tarin ƙyallaye, hawaye na zuba, ta yi ta gyaɗa kai. Na ɗauka magana ta ƙare. Na kai ta gidana, na dafa mata shinkafa da wake, har ta ci fiye da yadda na zata. Amma da ta idar da la'asar sai na ga ba ta tashi daga tabarma ba, ta juyo tana kallona, na gane ya sake tafiya.

"Sauran ɗiyana, su Kamilu da Hussaina," ta ce, "ko kaina ya yar da su, bakina na riƙe da su, don kullum kiransu nike. Wanga ko bakina bai san shi ba. Kai ɗai ad da shi, kan kuwa ya huje."

"To ki hwaɗe shi mana, Yaya! Wa za ya yanka ki?"

Ta gwada. Na ga leɓenta ya motsa, amma ko iska ba ta fito ba. Ta ce nauyi yake mata kamar ta tuɓe zane a kasuwa. Ta tashi ta zagaya tsakar gidana, ta kwashe mini shanyar da ba ta bushe ba, ta mayar. Can ta tsaya ta ce in dai har za ta karya abin da ta riƙe tun tana amarya, ba a gabana za ta fara ba, mai sunan ce za ta fara ji. In kai ta Tsafe. Na ce ba yau ba, babu mai hankalin da zai hau wannan hanyar da yamma a zamanin nan. Na yi wa Malam Attahiru waya na ce tana wurina.

Da safe muka je tasha. Na naɗe ta da hijabi mai kauri, na ba ta wurin da rana ba ta bugowa, na riƙe mata maganinta a jakata. Tun kafin mota ta cika ta matse mini hannu, na sunkuya na raɗa mata sunan a kunne. Muna fita gari ta sake matsewa. A shingen jami'an tsaro, da aka tsayar da mu ana leƙa fuskoki, ya sake kuɓuce mata. Wajen dutsen Kwatarkwashi ma haka. Wata mata da ke gefenmu ta fara yi mana kallon masu gulma, na harare ta har ta kau da kai. Ba mantuwar kaɗai ba ce, na lura. Tsoron mantuwar ne ke korar sunan, da zarar ta tuna zai iya gudu sai ya gudu. Da muka sauka a Tsafe na faɗa mata na ƙarshe, ta ce kada in ƙara, da ƙafarta za ta shiga da shi.

Muka tarar da Uwani tana tankaɗe a tsakar gida. Goggo Rabi na zaune a inuwa tana tsince shinkafa, don gidanta na kusa, a can take yini. Ga wanda bai san Goggo Rabi ba, mace ce da ke auna mutum tun daga yadda ya cire takalmi, kuma sunan da muka ɗauko tun daga Gusau sunan mahaifiyarta ne. Aka shimfiɗa tabarma, aka shiga gaisuwa. Ina gajiya, ina mutan Furfuri, ya jiki, ya damina, ya hanya, ya Malam, ya yara, a koma a sake. Ina kallon Zulai tana amsawa, yatsunta na murza bakin hijabi, na san gaisuwar nan tana cinye mata abin da ta riƙo.

Uwani ta kawo ruwa ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta ce, "Yaya, sannu da hanya." Ta yunƙura za ta koma wurin tankaɗenta kamar yadda ta saba, sai Zulai ta kama mata hannu. Ta ɗago ta dube ta ido cikin ido, abin da ban taɓa gani ba tunda aka haifi yarinyar. Ta buɗe baki. Babu komai. Ta juyo wurina, na ja numfashi zan taimaka, ta girgiza mini kai. Ta koma ga 'yarta.

"Ciwon nan ya ɗauke mani sunanki. Ba ni son in ji shi ga kowa kuma. Mi as sunanki?"

Goggo Rabi ta dakata da tsintar shinkafa. Na ga fuskar Uwani ta canza, na ce a raina shi ke nan, mun zo mun ɓata abin da dama lallaɓa shi ake yi. Wace 'ya ce za ta ji wannan daga bakin uwarta? Ta dubi hannun da ya riƙe ta, kumburarrun yatsun nan, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta gyara durƙuso, ta faɗa a hankali, gaɓa-gaɓa, yadda ake biya wa mai koyon karatu.

"Juwairiyya."

"Juwairiyya," in ji Zulai.

Da ƙyar ya fito, a shaƙe. Ta sake faɗa, ya fi na farko fita. Ta faɗa na uku har maƙwabta za su iya ji. Yarinyar ta amsa da na'am, ta kifa kanta a cinyar uwarta, kafaɗunta na girgiza. Goggo Rabi ta tattara farantinta ta miƙe, ta ce ashe ciwon har kunya yake ci. Na buɗe baki zan ba ta amsar da ta dace da ita, sai na ga tana goge ido da gefen mayafi tana shiga madafa, na haɗiye.

Da muka dawo Gusau ban bar ta ta wuce Furfuri ba sai da na kai ta wurin likitarta, na zayyana komai, har kwanciya fuska ga bango da maganar zama kaya. Zulai na ta taka mini ƙafa, ban fasa ba. Likitar ta ce mantuwa da ciwon damuwa duka sanannu ne ga masu wannan ciwon, ba hauka ba ne, ba kuma ragwanci ba, kuma kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi. Ta ce da tun farko aka faɗa mata. Aka sake gwaje-gwaje, aka gyara magani, aka haɗa ta da likitan da ke duba damuwa. Ta samu sauƙi, ba zan ce ta warke ba. Tana fita suna yanzu, har ta shiga ciki. Ƙuli sai da Hussaina a kusa. Akwai ranakun da take tashi garau, akwai waɗanda kan ke cika da hazo, ta yi ta kai da kawowa tsakanin ɗaki da madafa ba ta san abin da take nema ba.

A Furfuri an yi ta magana. Mata sun ce Zulai ta lalace, tana kiran sunan surukarta tsirara a tsakar gida, tana shara tana faɗa, tana tsane mai tana faɗa. Malam Attahiru, in ya ji, sai ya sunkuyar da kai ya fita zaure, amma bai taɓa hana ta ba. Ni dai duk wadda ta kawo mini wannan gulmar shagona, da ɗinkinta a hannu take komawa.

Juwairiyya ta zo mini kwanan baya da yadin da za a ɗinka mata. Ni ma na koma kiranta haka. Ina gwada ta take gaya mini cewa ta ji sunan nan a bakin malaman makaranta, ta ji a bakin ma'aikatan asibiti, an gaya mata an faɗe shi a wurin ɗaurin aurenta, amma ba ta taɓa jin nata ne ba sai ranar nan. Ta ce kullum da hantsi takan kira Furfuri, kuma ba ta fara gaisuwa, shiru take yi ta jira. Mafi yawan ranaku uwar ce ke faɗa. Na tambaye ta ranar da shirun ya yi tsawo fa.

"Sai in ce, Inna, Juwairiyya ta," ta ce. "Sai ta maimaita, sannan mu gaisa."